Darasin Lafiya: Na'urar Hoton Zafin Jiki, Abin da Take Gani da Abin da Ba Ta Gani

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan wata na'ura ce da yawancinmu muka sani da ido, amma ba mu san aikinta ba. A shekarar 2014, lokacin cutar Ebola, da kuma 2020, lokacin korona, an riƙa auna goshin mutane da wani abu mai kama da 'yar ƙaramar bindiga a ƙofar banki, da asibiti, da makaranta, har da wasu majami'u. Waɗanda suka bi ta manyan filayen jirgin sama kuwa sun ga babbar yayarta. Ita kyamara ce da ke nuna fuskar mutum a allo da launin ja, da rawaya, da kore, da shuɗi.

Annoba ta lafa, amma na'urar ba ta tafi ba. A wurare da dama a ƙasar nan akwai masu yawo kasuwa-kasuwa da majami'a-majami'a da kwamfuta. Suna cewa za su duba dukan jikin mutum cikin 'yan mintoci, su karɓi kuɗi, daga nan su sayar masa da magani. Wasu da kyamarar zafi suke zuwa, wasu kuma da wani ƙarfe da ake riƙewa a hannu. Saboda haka akwai abu ɗaya da muke so kowace ikilisiya ta riƙe: wannan kyamara zafin fata kaɗai take gani. Ba ta ganin cikin jiki, ba ta kuma san sunan kowace cuta ba.

Ana iya karanta darasin a zumuntar mata, ko taron matasa, ko na dattawa. A karanta kashi-kashi, a tsaya a tattauna. Idan akwai ma'aikacin lafiya a cikin ikilisiya, a gayyace shi.

1. YADDA NA'URAR TAKE AIKI

Kowa ya san huci. Idan muka zauna kusa da murhu muna jin zafinsa a fuska ba tare da mun taɓa wuta ba. Idan muka tsaya jikin garu da magariba a lokacin bazara, muna jin yana dawo da zafin ranar da ya sha. Wannan huci wani irin haske ne da ido ba ya gani. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da shi, har da jikin mutum da na dabba.

Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano wannan a shekarar 1800. Ya raba hasken rana da gilashi zuwa launukan bakan gizo, ya sa ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin gaba da launin ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin can ya fi na ko'ina.

Aikin kyamarar shi ne ta karɓi wannan huci daga fata, ta mai da shi hoto. 'Yar bindigar goshi ma haka take yi, sai dai ita wuri ɗaya take aunawa ta ba da lamba. Mu lura da abubuwa uku:

• Launukan da ke allon, na'urar ce take shafa su don a bambanta wuri mai ɗumi da mai sanyi. Ja ba jini ba ne, ba kuma cuta ba ce. Mai riƙe da na'urar yana iya juya ta yadda jikin kowa zai fito ja.

• Hucin da take karɓa daga saman fata yake fitowa. Hanta, da ƙoda, da mahaifa, da huhu, duk ba ta ganin su. Ba ɗaya take da hoton ƙashi ko sikanin da ake yi a asibiti ba.

• Ba ta harba kome cikin jiki. A lokacin korona an baza jita-jita cewa bindigar goshi tana lalata ƙwaƙwalwa. Ba gaskiya ba ne, karɓa take yi kawai. Jan ɗigon da wasu suke fitarwa na saiti ne, sai dai kada a haska shi cikin ido.

Wanda ya kai hannu kusa da murfin tukunya ya ji zafi, ya san akwai wuta a ƙasa. Amma bai san ko wake ake dafawa ko dawa ba sai ya buɗe. Iyakar sanin wannan na'ura ke nan.

2. ABIN DA ANNOBA UKU SUKA KOYA MANA

An fara amfani da kyamarar zafi sosai don tantance matafiya a shekarar 2003, lokacin da wata cutar numfashi mai suna SARS ta ɓulla daga ƙasar Sin. Ƙasar Singafo ta kafa ta a filin jirginta na Changi, wasu ƙasashe suka bi sahu. A Kanada an auna dubban ɗaruruwan matafiya da ita a wannan shekara. An tsayar da wasu masu zafin jiki, amma ba a sami ko mutum ɗaya mai SARS a cikinsu ba.

Sai Ebola. Ta shigo Najeriya ta Legas ran 20 ga Yuli 2014, a jikin wani matafiyi daga Laberiya mai suna Patrick Sawyer. Ba na'ura ce ta gane shi ba. Wata likita ce, Dokta Stella Ameyo Adadevoh, ta yi zaton cutar, ta hana a sallame shi daga asibiti. Ita kanta ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Daga nan ma'aikatan lafiya suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar. Kowannensu an riƙa auna zafin jikinsa kullum har kwana 21, domin Ebola tana iya ɓuya a jiki daga kwana 2 zuwa 21 kafin zazzaɓi ya fito. Mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka rasu. Ran 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar.

A wannan shekara dai, an auna wani ɗan Laberiya mai suna Thomas Eric Duncan a filin jirgin Monrobiya ran 19 ga Satumba, zafin jikinsa daidai. Ya wuce zuwa Amurka. Bayan 'yan kwanaki Ebola ta bayyana a jikinsa a birnin Dallas.

Korona ma haka ta yi. Mutum na farko da aka tabbatar yana da ita a Najeriya, ran 27 ga Fabrairu 2020, ya riga ya wuce filin jirgin Legas kafin ya fara jin ciwo. A Kano an tabbatar da na farko a watan Afrilu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a lokacin cewa na'urar tana iya gano mai zazzaɓi, amma ba ta iya gano wanda ya kamu alhali jikinsa bai yi zafi ba. Da yawa daga masu korona kuwa ba su taɓa yin zazzaɓi ba.

Darasin a fili yake. Awon zafi ya taimaka wajen kashe Ebola ne domin an san wanda ake aunawa, ana komawa wurinsa kullum, kuma akwai abin da za a yi masa idan zafin ya hau. Awo ɗaya a bakin ƙofa bai isa ya wanke mutum ba.

3. TANKAƊE DABAM, GANO CUTA DABAM

Tantance mutane kamar tankaɗen gari ne. Rariya tana raba tsaki da gari a gurguje, amma wani tsakin yakan sulale, wani garin kuma yakan maƙale. Na'urar zafi tana yin irin waɗannan kurakurai biyu.

Takan ce akwai zazzaɓi alhali babu:

• Manomin da ya taso daga noman rani a Watari ta Bagwai ko Tomas ta Ɗambatta da tsakar rana.

• Matar da ta tashi daga gaban murhu.

• Wanda ya cire hula ko ɗankwali mai kauri nan take.

• Duk wanda aka auna a cikin rana a watan Afrilu, lokacin da zafin gari yakan wuce digiri 40.

Takan kuma ce babu zazzaɓi alhali akwai:

• Ɗan acaɓa da fasinjansa da sassafe a lokacin hunturu, iska ta sanyaya musu goshi.

• Mai zufa a goshi, ko wanda ya wanke fuska.

• Wanda ya sha farasitamol kafin ya fito.

• Mai zazzaɓin cizon sauro, domin shi hawa yake yi yana sauka.

Masu ƙera waɗannan na'urori da kansu sun ce a yi awo a cikin ɗaki ko inuwa, inda babu iska mai kaɗawa, bayan mutum ya huta, goshinsa a bushe. Babbar kyamara kuma sai a ɗaki mai daidaitaccen sanyi, mutum ɗaya-ɗaya yana fuskantar ta, a auna lungun ido na kusa da hanci. Wanda aka tsayar kuma dole a sake auna shi da ma'aunin asibiti. Mu tambayi kanmu: a rumfar kasuwa ko harabar majami'a mai rufin kwano, ana iya cika waɗannan sharuɗɗa?

Ko da awon ya yi daidai, zazzaɓi alama ce, ba cuta ba ce. Zazzaɓin cizon sauro, da taifot, da ƙyanda, da sanƙarau, da nimoniya, da ciwon kunne, duk suna sa jiki zafi, kuma kowanne da maganinsa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Gwajin nan na ɗigon jini daga yatsa ba ya wuce minti 15 zuwa 20, ana kuma yin sa a ƙananan asibitocinmu.

Akwai kuma manyan cututtuka da kyamarar ba ta iya tantance su ko kaɗan. Hawan jini sai da abin awon da ake ɗaurawa a dantse. Ciwon sukari sai da gwajin jini. Tarin fuka sai da gwajin majina, kuma kyauta ake yin sa a cibiyoyin gwamnati da aka tanada. Ƙanjamau da ciwon hanta sai da gwajin jini. Ƙarfen nan da ake riƙewa a hannu, kwamfuta ta jero cututtuka, shi ma ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

4. HOTON ZAFI DA SANKARAR NONO

Wannan kashi ya fi shafar iyaye mata, amma muna roƙon maza su saurara da kyau.

A shekarar 1956 wani likita a Kanada, Ray Lawson, ya lura cewa fatar da ke kan wasu ƙulluttukan sankara ta fi ta gefe ɗumi. Sai aka sa rai cewa hoton zafi zai riƙa gano sankarar nono ba tare da taɓa mace ba. An gwada shi a kan mata masu yawa a Amurka a shekarun 1970, sai aka ga yana tsallake sankara da yawa, yana kuma tsorata masu lafiya. Aka daina dogara gare shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha yin gargaɗi, har da na shekarar 2019, cewa kada a sa hoton zafi a madadin mamogiram, wato hoton nono na musamman da ake yi a asibiti. A Indiya akwai masu ƙoƙarin haɗa kyamarar zafi da kwamfuta mai nazarin hoto don mata na karkara. Amma ko a can, wadda aka ga alama a jikinta asibiti ake tura ta don a tabbatar.

Me ya sa wannan ya dame mu? Sankarar nono ita ce sankarar da ta fi yawa a cikin matan Najeriya, kuma yawancinsu ba sa isa asibiti sai ta yi nisa. Mace mai kunya za ta so awon da ba a taɓa jiki. Ga haɗarin: tana da ƙullutu, an ɗauki hoto, an ce mata babu kome. Sai ta koma gida da kwanciyar rai, ta zauna shekara guda, ƙullutun yana girma. Wata kuma mai shayarwa ce, nononta ya yi ɗumi don kumburin ruwan nono. Sai a nuna mata ja a allo, a ce sankara ce, maigida ya sayar da akuya ko buhun gero a sayi maganin da ba ta bukata.

Ga abin da ya fi kowace kyamara. Kowace mace ta san nononta, ta riƙa dubawa da lalubawa sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ta gama al'ada. Ta je asibiti ba jinkiri idan ta ga ɗaya daga cikin waɗannan:

• Ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo.

• Fata ta lotsa, ko ta yi kama da ɓawon lemo.

• Kan nono ya shige ciki, alhali da ba haka yake ba.

• Jini yana fita daga kan nono.

• Gyambon da ya ƙi warkewa.

Yawancin ƙulluttuka ba sankara ba ne, amma ba mai iya tabbatarwa da ido ko da hoton zafi. A fara da asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta. Idan da bukata, za su tura ta birni, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda ake ɗibar ɗan nama daga ƙullutun a duba a ɗakin gwaji. Wannan ne kaɗai yake tabbatar da sankara. Kada a tsaga, kada a ɗaura magani a zauna jira. Maigida, kuɗin mota da izininka suna iya zama abin da zai ceci ran uwar 'ya'yanka.

5. IDAN BAƘI SUKA ZO DA NA'URA

Ba duk mai zuwa da na'ura ne mayaudari ba. Akwai likitoci da ƙungiyoyi na kirki da suke zuwa ƙauye duba hawan jini, da ido, da sukari. Amma idan aka ba mutum wuri a harabar majami'a, ko aka yi sanarwarsa bayan sujada, jama'a za su ɗauka ikilisiya ta tsaya masa. Don haka nauyi yana kan fasto da dattawa. Matambayi ba ya ɓata. A karɓi baƙo da ladabi, a ba shi ruwa, sa'an nan dattijo ya ce: "Malam, sannu da zuwa. Kafin mu tara maka mutane, muna da 'yan tambayoyi."

• Daga wane asibiti ko ƙungiya kuka fito? Ina takardar shaidar aikinku?

• Sashen lafiya na ƙaramar hukuma da mai unguwa sun san da zuwanku?

• Wace cuta na'urar take nema, kuma da wane gwaji za a tabbatar?

• Wanda aka ga alama a jikinsa, wane asibiti za ku tura shi? Za ku ba shi takarda?

• Ku da kanku kuke sayar da maganin?

Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. A yi hattara da wanda ya ce na'ura ɗaya tana ganin kowace cuta, da wanda kowa ya auna sai ya samo masa ciwo, da wanda ya ce sai yau-yau za a biya, da wanda ya ce a bar maganin asibiti. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma da wannan ake kama mutane, don allo mai launi yana da shiga rai. Amma ganin launi ba ganin cuta ba ne.

6. ABIN DA ZA MU IYA YI DA KANMU

Ma'aunin zafi na hammata, mai nuna lamba, ana samun sa a kemis, kuma kuɗinsa bai kai na ranar jinya ɗaya ba. Ga yadda ake amfani da shi:

• A goge bakinsa, a share hammata ta bushe.

• A sa bakin a tsakiyar hammata, a matse hannu a jiki.

• A jira sai ya yi ƙara, a karanta lambar, a rubuta ta tare da lokaci.

• Zafin mai lafiya yana wajen digiri 37. Idan na hammata ya kai 37.5 ko ya wuce, zazzaɓi ne. A kai yaro gwajin jini a ranar, kada ya wuce kwana ɗaya.

Ga jaririn da bai kai wata 2 ba, zafi da sanyi duka haɗari ne. Idan ya kai 37.5, ko ya sauka ƙasa da 35.5, a rungume shi fata da fata a ƙirjin uwa, a tafi asibiti nan da nan. Wannan yakan faru a lokacin hunturu, musamman bayan wanka da sassafe.

Akwai alamun da ba a jiran kowane awo: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya sha, yana jijjiga, ya galabaita ba ya farkawa sosai, wuyansa ya sanƙare, ko numfashinsa yana sauri haƙarƙari na lotsawa. Hannun uwa da idonta sukan riga na'ura ganewa. Idan uwa ta ce ɗanta ba daidai yake ba, a tafi da shi, ko da bindigar goshi ta ce lafiya.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Wa aka taɓa aunawa da bindigar goshi a cikinmu? Me aka ce za a yi idan lambar ta hau?

2. An taɓa zuwa garinmu ko kasuwarmu da na'urar duba dukan jiki? Nawa aka biya? Me ya biyo baya?

3. Me yake hana mace faɗa wa mijinta ko ma'aikaciyar lafiya cewa tana da ƙullutu? Ta yaya zumuntar mata za ta taimaka?

4. Daga nan zuwa inda ake gwajin zazzaɓin cizon sauro tafiyar minti nawa ce? Wa yake da abin hawa da dare?

5. Wa yake ba baƙi izinin yin sanarwa a majami'armu? Ya san tambayoyin nan biyar?

AIKIN WANNAN WATA

A tara kuɗi a sayi ma'aunin hammata guda biyu, a ajiye su wurin mata biyu da kowa ya san gidansu. A roƙi ma'aikacin lafiya ya koya musu karanta shi a gaban jama'a. A rubuta tambayoyin nan biyar da manyan baƙaƙe a manna a ofishin ikilisiya. A kuma zaɓi dattijuwa ɗaya mai riƙon asiri, wadda za ta raka duk matar da ta ga alama a nononta zuwa asibiti, ta kuma tabbatar an koma karɓar sakamako.